Yadda na zama kocin yara a makarantar 'yata a Amurka, da rigimar motar yamma

Ni fa da farko ban ɗauki waɗannan kulob-kulob na bayan an tashi makaranta a bakin komai ba. A kaina karatu shi ne lissafi da kimiyya da Turanci, in an tashi yaro ya dawo gida ya ci abinci ya yi aikin da aka ba shi, sauran duk wasa ne da ɓata lokaci. Duk takardar da yarana suka kawo mai zancen kulob ɗin dara ko na kiɗa ko na muhawara, kan firij take kwana biyu daga nan sai kwandon shara. To a watan Satumban 2022 babbar 'yata ta shiga aji shida, ta dawo da wata takarda ta tsaya a kaina ta ƙi tafiya, wai kulob ɗin haɗa mutum-mutumi za a buɗe amma malamar kimiyya ita kaɗai ce kuma doka sai manya biyu, in ba a samu na biyun ba an fasa. Tace Baba kai ba gyaran inji kake yi ba? Nace gyaran inji daban wasan yara daban. Mamansu na daga kicin tace kai dai ka je ka gani mana, ƙarfe biyu kake tashi daga aiki, me kake yi da yamma in ba kallon ƙwallo ba. Wannan maganar ce ta kai ni, ba wani kishin ilimi ba, gara in faɗi gaskiya.

Kafin in taka ajin ma sai da na sha cike-cike. Fom na masu aikin sa kai, ɗaukar hoton yatsu, binciken ko na taɓa yin laifi, sannan wani ɗan horo ta intanet kan kare yara, kusan sati biyu kafin a ce na wuce. Aka ce min ba a yarda in keɓe da yaro ni kaɗai ba, ba a yarda in ɗauki ɗan wani a motata ba, ba a yarda in riƙa tura wa yaro saƙo a wayarsa ba sai dai ta hannun iyaye. Lokacin har raina ya ɗan sosu nace ni da na zo taimako kyauta ake min kallon ɓarawo, amma da na tuna 'yata ma wasu manyan da ban sani ba ne ke tsayawa a kanta sai na yi shiru. Ku riƙe zancen motar nan, zai dawo.

Ga wanda bai san tsarin ba, makarantun gwamnati a nan ba daga Washinton ake tafiyar da su ba. Ƙasar a rarrabe take gunduma-gunduma ta makarantu, sun haura 13,000, yawanci kowace da kwamitinta da mutanen yankin ke zaɓa da ƙuri'a, su ne ke amincewa da kasafi su ɗauki babban shugaban gundumar aiki. Kuɗin kuma mafi yawansa daga jiha yake zuwa da harajin gidaje na yankin, abin da gwamnatin tarayya ke sakawa ɗan kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa za ka ga gunduma biyu maƙwabta, ɗaya tana da wurin ninƙaya da ɗakin kiɗa da kulob talatin, ɗayar kuwa malami ne ke sayen fenti da kuɗin aljihunsa. Tamu tana tsakiya, amma makarantar 'yata tana ɓangaren da yawancin yara ke cin abincin rana kyauta ko a rangwame, mu baƙi da 'ya'yanmu mun yi yawa a wurin, Somaliyawa da masu jin Sifaniyanci da 'yan Afirka ta Yamma.

Gasar da muka shiga sunanta FIRST LEGO League, wani injiniya Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, sai a 1998 suka haɗa kai da kamfanin LEGO mai yin bulullukan roba na wasan yara aka fara ta ƙananan yara. Ƙungiya ɗaya ba ta wuce yara goma. A watan Agusta ake fitar da jigon shekara, a shekarar jigon makamashi ne, ana ba ku shimfiɗa mai zane da ake ɗorawa kan wani faffaɗan tebur da ƙananan ayyuka a kai, yara su haɗa mutum-mutumi da bulullukan LEGO su rubuta masa umarni a kwamfuta ya je ya yi ayyukan da kansa cikin minti biyu da rabi. Bayan wannan akwai zama da alƙalai inda yaran za su yi bayanin yadda suka ƙera abin, da wani bincike da suka yi kan wata matsala ta gaske, ana kuma duba yadda suke aiki tare.

Kuskurena na farko wajen zaɓe ne. Yara ashirin da wani abu suka nuna suna so, gurbi goma, malamar ta tambaye ni ya za mu yi nace ai mai sauƙi ne a ɗauki masu maki mafi yawa a lissafi. Ta ɗan yi jim tace to, ina jin don kar ta kore ni ne tun ranar farko. Na biyu kuwa ya fi muni. Ina kallon yara suna haɗa abu a karkace, taya ɗaya ta fi ɗaya tsawo, hannuna na ƙaiƙayi, sai na fara ɗaukar akwatin ina tafiya da shi gida wai zan duba batir, in zauna har sha biyun dare ina gyarawa, ranar Talata in kawo musu abu tsaf yana tafiya kamar jirgi. Yaran su yi ta tafi ni kuma kaina na kumbura.

Lahadin farko na Nuwamba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi duk shekara, kafin biyar na yamma gari ya yi duhu ga sanyi ya fara shigowa, a sati biyu yara goma suka koma biyar. Ni a raina nace ka gani ko, yaran zamani ba su da juriya, abu ya fara wahala sun gudu, har na faɗa wa malamar haka. Sai wata rana na ga ɗaya daga cikin waɗanda suka daina zuwa a bakin ƙofa yana jiran motar makaranta ta ƙarfe uku, na tambaye shi lafiya ka daina zuwa, ya sunkuyar da kai yace Koci in na tsaya babu motar da za ta kai ni gida, mamana tana aiki har takwas, da ina takawa da ƙafa amma yanzu ta hana saboda duhu. Tafiyar kusan minti arba'in ce kuma sai ya tsallaka babban titi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ta hannun iyayensu, uku duk zancen ɗaya ne, ɗayar kuma ƙannenta take ɗaukowa daga firamare. Biyar ɗin da suka rage kuwa duk waɗanda ake zuwa ɗauka da mota ne, har da tawa 'yar. Ga mota ina da ita mai kujera bakwai, ga dokar da na sa wa hannu cewa ba zan ɗauki ɗan kowa ba.

Haka muka je gasar a Disamba da yara biyar da mutum-mutumin da ni na haɗa. A tebur mun ci maki ba laifi. Da suka shiga wurin alƙalai aka tambaye su me ya sa kuka sa wannan giyar a nan, ya aka yi kuka gano kuna buƙatar na'urar gane launi, yara suka yi tsuru-tsuru suna kallon juna, 'yata ce ta faɗa min a mota tana kuka, tace Baba an tambaye mu abin da ba mu sani ba a kan abin da aka ce namu ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kamar ƙasa ta tsage in shige. Takardar alƙalan da aka ba mu daga baya cikin ladabi aka rubuta ta amma duk mai hankali ya san me suke nufi.

Daga Janairu na fara bin zancen mota, kuma nan ne na koyi yadda gunduma ke aiki. Shugabar makaranta tace ita ba ta da iko da motoci, ofishin sufuri na gunduma ne. Ofishin sufuri suka ce babu kuɗi a kasafi kuma direbobi ma ba su isa ba, wanda gaskiya ne, ko'ina ana kukan ƙarancin direbobin motar makaranta a lokacin. Na aika imel ya fi goma, wasu ko amsa babu. Wata tsohuwar malama da ta yi ritaya ce ta zaunar da ni tace ɗana kana buga ƙofar da ba ita ba ce, ka je taron kwamiti, a bainar jama'a ake yinsa kuma kowa na da damar magana, sannan kar ka je da sunan kulob ɗinka kai kaɗai. Ita ta fahimtar da ni cewa makarantarmu tana samun kuɗin tarayya da ake kira Title I, wanda ya samo asali daga dokar ilimi ta 1965 zamanin shugaba Lyndon Johnson don makarantun da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa, akwai kuma wani tallafin daban, 21st Century Community Learning Centers, shi musamman na shirye-shiryen bayan tashi ne, jiha ke rabawa ga waɗanda suka nema suka cancanta. Kuɗi dai akwai hanyoyinsa, sai dai wani ya zauna ya rubuta ya nema, kuma ba mai yi in ba a matsa ba.

Na zagaya wurin mai kulob ɗin dara da malamin kiɗa da matar da ke kula da masu tsayawa yin aikin gida, kowa ya kawo min adadin yaran da ya rasa bayan an canza agogo, ashe duk ciwo ɗaya ke damunmu kowa yana zaton nasa yaran ne malalata. Muka je taron mu da iyaye wajen goma sha biyar, minti uku ake ba kowa ga agogo a gabanka yana ƙirgawa, ni da na saba doguwar gaisuwa kafin in shiga magana sai da na yi ta gwadawa a gida 'yata na riƙe da waya tana cewa Baba saura minti ɗaya ka bar godiyar nan. Ba a ba mu amsa a ranar ba, ba sa yi dama. Sai a kasafin shekara mai zuwa muka ga an sa mota ɗaya, Talata da Alhamis, ƙarfe biyar da kwata. Mun nemi kwana huɗu aka ba mu biyu, muka tattara duk kulob ɗin muka mayar da su waɗannan ranakun.

Wani abin da ban lura da shi ba sai a shekara ta biyu shi ne ita kanta takardar shiga. Da Turanci kawai take fita, shafi uku, da wurin sa hannu huɗu, a ƙasa an rubuta gudummawar dala ashirin da ƙananan haruffa cewa ba dole ba ce. Uwar da ta dawo aiki a gajiye ba ta jin Turanci sosai in ta ga alamar dala ajiyewa za ta yi, ni ma ai haka nake yi da, kuma ina jin Turancin. Alhali haƙƙin iyaye ne makaranta ta sanar da su abubuwa da harshen da suke fahimta, gunduma tana da masu fassara, ba a dai neme su ba ne. Muka sa aka fassara, muka rage ta zuwa shafi ɗaya, muka cire zancen kuɗin gaba ɗaya ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin rajista, layin farko kuma muka rubuta da manyan baƙi cewa akwai motar komawa gida kuma akwai abin taɓawa. Shi ma abin taɓawar kar ku raina shi, yaron da ya ci abincin rana tun sha ɗaya da rabi ba zai iya tunanin komai ƙarfe huɗu ba, faɗa kawai za su yi ta yi.

Zaɓe kuma muka koma ƙuri'a, aka zuba sunaye a kwali aka jawo. A cikin waɗanda suka fito har da wani yaro da malamai suka gaji da shi, ba ya zama wuri ɗaya, makinsa a ƙasa, da tsarina na farko ko kusa ba zai shiga ba. Shi ne ya gano cewa mutum-mutuminmu yana kaucewa ne duk lokacin da batir ya yi ƙasa, don shi kaɗai ne ke da haƙurin sake gwada abu ɗaya sau talatin yana rubutawa a bayan hannunsa. Ni kuma na sa wa kaina doka, hannuna a aljihu, akwati ba ya bin ni gida, in an tambaye ni sai in mayar da tambaya in ce kai me kake gani. Da wuya fa, akwai ranar da na fita waje na zagaya filin ajiye motoci don kar in ƙwace abin daga hannunsu. Abin da suka haɗa a shekarar mummuna ne, a karkace yake tafiya, makinmu a tebur bai kai na bara ba, amma sun fito daga ɗakin alƙalai suna ta surutu kowa na cewa shi ya fi ba da amsa.

'Yan uwa da ke nan da yara, ni ban ce kowane kulob alheri ba ne, wasu zaman banza ne kawai da sunan shiri, ka je da kanka ka gani sau ɗaya kafin ka sa hannu. Amma ku daina zubar da takardun nan ba ku karanta ba, ko fom ɗin neman gurbin karatu da jami'o'i da yawa ke amfani da shi, Common App, yana da gurbi har goma na abubuwan da yaro ya yi ban da aji, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yata da ko sallama ba ta iya yi da ƙarfi a gaban baƙi yanzu ita ke tsayawa gaban alƙalai, a 2024 da jigon ya zama na teku ita ta jagoranci binciken.

Ta shiga babbar sakandare yanzu, ni kuma ina nan a ajin, ƙaninta bai ma kai shekarun shiga ba tukuna. Motar biyar da kwata har yau kwana biyu ce a sati, kuma duk lokacin kasafi sai an kawo zancen cire ta, don haka ranar taron kwamiti na riga na nemi canjin lokacin aiki, takardata ta minti uku tana cikin motata.