Injin a-kori-kurar mahaifina

An kammala gyaran injin a-kori-kurar Peugeot 404 da mahaifina ya bari, a hannun wani dattijon makanike da ke Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi. Yaran garejin sun matsa a cire injinta na asali mai cc 1,618 a dasa na Toyota domin ƙarin gudu, amma ban yarda ba, tunda motar da ta tsufa tana dakon doya daga Techiman ba don tsere aka saye ta ba. Samun fistin da ringi ya fi aikin kansa wahala. Da aka wanke kafireto, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, Baba makanike ya kasa kunne yana juya sukurun a hankali har ƙarar injin ta daidaita, sannan ya ce in shiga in taka.