Tarihin Rayuwar K.N. Raj, Kashi Na Huɗu: Daga Kujerar Delhi Zuwa Tudun Ulloor

A makon jiya mun tsaya a watan Oktoban 1969, lokacin da aka naɗa Farfesa K.N. Raj, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, shugaban Jami'ar Delhi yana ɗan shekara 45. Masu bin mu tun farko za su tuna cewa wannan shi ne yaron Kerala da ya yi digirin digirgir a Landan a 1947, ya sa hannu a rubuta shirin raya ƙasa na farko na Indiya yana ɗan shekara 26, sannan ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Delhi a 1953. A zamaninsa ne makarantar ta tara irin su Amartya Sen da Jagdish Bhagwati da Sukhamoy Chakravarty, har da Manmohan Singh, wanda daga baya ya zama firaminista.

Kujerar shugabancin ba ta riƙe shi ba. A watan Disamban 1970 ya ajiye ta, wata goma sha huɗu kacal da hawansa. Jami'ar Delhi ba ƙaramin kaya ba ce: kwalejoji ne barkatai a warwatse cikin birni, kowacce da hukumarta da ƙungiyar malamanta, ga shekarun nan na tarzomar ɗalibai ne a Indiya, kuma jam'iyyun siyasa sun riga sun kafa sansani a harabar jami'o'i. Ni dai a ganina mutumin aji ne da teburin bincike, ba na zaman sasanci daga safe har dare ba. Ba zan daɗe a kan wannan zango ba, domin abin da ya biyo baya ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

A can gida Kerala, a ƙuryar kudu maso yammacin Indiya, mai riƙe da gwamnatin jiha a lokacin shi ne C. Achutha Menon, ɗan jam'iyyar kwaminis. A tsarin Indiya babban ministan jiha ne mai wuƙa da nama, gwamna kuwa kusan na ado ne. Menon yana son jiharsa ta samu cibiyar bincike tata ta kanta, wadda za ta duba matsalolin Kerala da idon 'yan Kerala, maimakon jiran abin da za a rubuto daga Delhi. Ya nemi Raj, ya yi alkawarin gwamnati za ta ba da kuɗi ba tare da ta sa baki a aikin malamai ba. Raj ya tattara shekara goma sha takwas na zaman Jami'ar Delhi ya koma gida a 1971. Haka aka haifi Cibiyar Nazarin Ci Gaba, wadda aka fi sani da CDS, a birnin Trivandrum da yanzu ake kira Thiruvananthapuram.

Wani abin da ya burge ni: bai ɗora kansa a kujerar darakta ba. P.G.K. Panikar ne ya fara riƙe ta. Shi Raj ya tsaya a kan jawo mutane, kuma ya iya. I.S. Gulati, T.N. Krishnan, N. Krishnaji, A. Vaidyanathan, duk sun zo suka zauna a garin da ba ya cikin manyan biranen ƙasar. Joan Robinson, masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Cambridge, ta riƙa zuwa, har ta sadaukar wa cibiyar kuɗin da take samu daga littattafanta biyu.

Sai batun gini, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. An ba cibiyar fili a kan wani tudu a unguwar Ulloor. Mai zanen da aka ɗauko shi ne Laurie Baker, haifaffen Birmingham ta Ingila, wanda ya zo Indiya a 1945 ya yi zamansa, kuma ya ɗauki darasin Gandhi na yin gini da kayan da ake samu kusa da wurin. Baker bai sa an baje tudun ba, bai sa an sassare bishiyoyi ba. Ginin ne ya riƙa kauce musu. Jan bulo aka yi amfani da shi, tsirara, ba filasta ba fenti. Bangwaye da yawa lanƙwasassu ne, domin bango mai lanƙwasa yana tsayuwa da ƙarfinsa ko da siriri ne, ka ga an rage bulo ke nan. A wuraren da wani zai sa tagar gilashi da firam, sai birkila ya jera bulo yana barin 'yan ramuka a tsakani, iska ta ratsa, haske ya shigo a tace, kamar rana ta rariya. A rufin kankare kuwa, akan jera fale-falen yumɓu na rufin ɗaki a ƙasan zubin, inda kankaren ba ya ɗaukar nauyi, sai a rage siminti da rodi. Ɗakin karatun hasumiya ce mai hawa-hawa, matakala na zagaye a tsakiyarta. Wurin da za a yi nazarin talauci, an gina shi da kuɗi kaɗan, kuma har yau ɗaliban zanen gini na zuwa kallo.

Aikin da ya fito da sunan cibiyar ya zo da wuri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a yi mata nazari kan talauci da rashin aikin yi a Kerala, Raj ya jagoranci tawagar, aka buga rahoton a 1975.

Kafin nan, a 1971, wasu masana biyu, V.M. Dandekar da Nilakantha Rath, sun auna talaucin Indiya da yawan abincin da mutum ke ci a rana, lissafinsu kuma ya jefa Kerala can ƙasa, wai mafi yawan mutanen karkararta ba sa cin abin da ya kai ƙima. 'Yan CDS suka ce a dakata. In haka ne, me ya sa jariran Kerala suka fi na sauran jihohi tsira, mutanenta suka fi tsawon rai? Amsa ɗaya tana bayan gida. Magidancin Kerala yana da rogo a ɗan filinsa, da bishiyar kwakwa, da ayaba, ga kifi mai araha daga teku. Matar gida za ta tono rogo ta dafa da kifi, iyali su ƙoshi, amma mai tambayar gwamnati da ya zo da takardarsa shinkafa da alkama ya fi ƙirgawa. Abin da ba a saya a kasuwa ba yakan sulluɓe wa lissafi.

Sauran amsar tana hannun hukuma da tarihi. Tun 1817 sarauniyar Travancore, tsohuwar masarautar da ke kudancin Kerala ta yau, ta ba da umarnin gwamnati ta ɗauki nauyin karatun talakawa, mishan da ƙungiyoyin al'umma suka ɗora a kai. Ƙidayar 1971 ta nuna kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen Kerala sun iya karatu da rubutu, alhali a Indiya baki ɗaya bai kai kashi 30 ba. Ga shagunan rabon hatsi a farashin gwamnati har cikin ƙauyuka, ga abincin rana a makarantun firamare, ga asibitocin da talaka ke iya kaiwa da ƙafa. Dokar filaye da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1970 ta mallaka wa manoma 'yan haya gonakin da suke nomawa. Jihar da kuɗin shigar mutum ɗaya bai kai matsakaicin ƙasa ba ta sha gaban jihohi masu masana'antu a lafiya da ilimi. Wannan ne daga baya aka riƙa kira tsarin Kerala, kuma yana cikin abubuwan da suka share fage ga ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990.

Kada mai karatu ya ɗauka kirari rahoton ya yi. Rashin aikin yi yana cikin takensa, kuma shi ne ciwon jihar: matasa da takardar sakandare a hannu, ba masana'antar da za ta ɗauke su, ba sa kuma son komawa gona. Bayan tashin farashin mai na 1973, ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka buɗe ƙofa, 'yan Kerala suka kwarara Dubai da Kuwait da Saudiyya, kuɗin da suke aikowa gida ya zama ginshiƙin jihar. Masu suka sun ce jihar da ke ilmantar da 'ya'yanta don su je su yi wa wasu aiki ba abin koyi ba ce. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma malaman CDS ɗin ne da kansu, irin su Gulati, suka shiga binciken wannan ƙaura da abin da take yi wa farashin fili da ladan lebura.

Duk wannan hidima ba ta sa Delhi ta ƙyale shi ba. A 1972 gwamnatin Indira Gandhi ta ɗora shi a kan kwamitin da zai duba yadda za a karɓi haraji daga manyan manoma, waɗanda sabon irin alkama da takin zamani suka azurta amma ba sa biyan harajin kuɗin shiga. Shawarar da kwamitin Raj ya bayar, da yadda jihohi suka yi da ita, a nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.