Hutun shekarata ba na atisaye ba ne

Duk ɗan uwanmu da ke nan Amurka yana aikin farar hula kuma yana cikin sojojin ko-ta-kwana, Army Reserve ne ko National Guard, da kai nake. Ni ina Reserve, ina kuma aiki a wani babban sito na kaya a Niyu Yok, tsarin dai kun san shi, atisayen ƙarshen mako ɗaya duk wata sai kuma sati biyu a shekara, namu yawanci a sansanin soja na Fort Dix da ke New Jersey ake yi.

Da lokacin sati biyun ya matso na kai wa manaja takardar odar soja, ya duba yace ba damuwa zai cire a cikin hutuna na shekara. Wallahi raina ya ɓaci sosai, don hutun nan shi kaɗai gare ni da zan je Kumasi in ga Hajiya in yi sallah a zango cikin 'yan uwa, in atisaye ya cinye shi shikenan sai wata shekarar. Sajan ɗinmu na gaya wa, yace kai baka san USERRA ba? Doka ce ta tarayya tun 1994 zamanin Bill Clinton, kuma ta hau kan kowane mai ɗaukar ma'aikata komai ƙanƙantar wurinsa. Ba shi da ikon tilasta maka ka kashe hutunka a kan aikin soja, kai ne in ka ga dama zaka zaɓi hakan don albashi ya shigo. Kuma ba izini kake nema ba, sanarwa kake yi, wannan bambancin shi ya canza yadda nake magana da ogan gaba ɗaya.

Amma fa a sani dokar bata ce dole su biya ka kwanakin da baka nan ba, wasu kamfanoni suna cika maka gibin don karamci, namu baya yi, kuɗin soja na dogara da shi.

Na koma cikin ladabi ban ɗaga murya ba, ya ƙi, sai na kira ESGR, ofishi ne ƙarƙashin ma'aikatar tsaro da ke shiga tsakani kyauta. Mutuminsu ya yi magana da ofishin ma'aikata, aka mayar min da hutuna cif. Gaskiya manajan ba mugu ba ne, bai san dokar ba ne kawai, kuma shima yana da gurbin aiki da zai cike. Shi yasa yanzu da jadawalin atisayen shekara ya fito nake tura masa ta imel, duk da doka ta yarda da sanarwar baki, rubutu ne ke tsaya maka ranar gardama. Sojan ma shawararsu a bada kwana 30 in da hali.

Sai maganar dawowa, anan ne mutanenmu ke sakaci. In tafiyar bata kai kwana 31 ba, zaka koma aiki a shif na farko bayan ka iso gida ka samu hutun awa 8. Daga kwana 31 zuwa 180 kana da kwana 14 ka nemi komawa, in ta wuce 180 kwana 90 ne. In an ƙi mayar da kai ko aka danne maka ƙarin girma saboda kaki, akwai sashen VETS mai kula da haƙƙin aikin sojoji da tsoffin sojoji a ma'aikatar ƙwadago, can ake kai ƙara kuma ba'a biyan ko sisi.