Karatun HR: abin da digiri ya ba ni da wanda sai da na zauna a ofis na gane

Tun makon jiya wata ƙanwata take bin kaina a WhatsApp, ita ma HR, wato fannin kula da ma'aikata, take so ta cike a JAMB, wai in faɗa mata gaskiya ko akwai ci gaba a ciki, kuma in ta gama digirin ta wuce mastas kai tsaye ko ta tsaya tukuna. Na fara yi mata bayani ta murya sai na ga abin ya fi ƙarfin minti biyu, shi ne na ce bari in zauna in rubuta kawai, ko wani ma ya amfana.

Lokacin da na samu gurbin karatu Baba ya tambaye ni, to ke in kin gama me za ki zama? Na ce mai kula da ma'aikata. Ya yi shiru can ya ce, wato masu ɗaukar mutane aiki da korarsu kenan. Haka yawancin mutane suka ɗauki abin har yau. Kuma sunan kwas ɗin ma ba ɗaya ba ne, wasu jami'o'in kamar Legas da Ilorin suna da sashe guda na hulɗar ƙwadago da kula da ma'aikata, wasu kuma sai dai ki shiga nazarin kasuwanci ko na aikin gwamnati ki riƙa cin karo da shi a matsayin darasi, sannan ki ƙware a kai daga baya. Don haka ki duba kundin JAMB da kyau kafin ki cike.

Digirin shekara 4 ne. Shekarar farko ba za ki ga wani HR ba, lissafi ne da tattalin arziki da akanta da nazarin halayyar ɗan adam, kuma kar ki raina lissafin nan wallahi, don ranar da aka ajiye miki takardar albashin mutum ɗari biyu a gabanki za ki neme shi. Daga aji biyu zuwa uku ake shiga cikinsa sosai, yadda ake tallata gurbi da intabiyu, horaswa, auna ƙwazo, tsarin albashi da alawus, sasanta rikici tsakanin ƙungiyar ƙwadago da masu kamfani. An koya mana ra'ayoyin masana irin su Taylor da Maslow da Herzberg kan aiki da ƙwazon ma'aikaci, da binciken nan na Hawthorne da aka yi a masana'antar Western Electric kusa da Chicago daga 1924 zuwa 1932, inda aka lura cewa yadda ake kula da ma'aikaci da zamansa cikin abokan aiki yana taɓa ƙwazonsa, ba hasken fitila da tsawon hutu kaɗai ba. Na ji daɗin karatun, na haddace, na ci jarrabawa. Amma darasin dokar ƙwadago shi ne na yi wa riƙon sakainar kashi, na karanta don in wuce kawai, kuma shi ne daga baya ya zame min komai.

Bayan bautar ƙasa na samu aiki a wata masana'anta a Kano, ƙaramar ma'aikaciya a ofishin ma'aikata, aikina fayil da rajistar zuwa aiki da buga takardu. Ina wata na biyar oga ya miƙo min suna ya ce in buga takardar sallama, an rage mutane saboda kuɗin dizal. Wani dattijo ne direban motar kaya, shekararsa 11 a wurin. Na buga na sa a ambulan, aka kira shi. Ya shigo ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ba a cirewa, ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta ya sake juyawa, sai ya miƙo min ya ce, 'yata karanta min, idon ba ya gani sosai. Ni na buga takardar kuma ni na karanta masa ita da bakina, daga yau an dakatar da aikinka, mun gode. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, sannan ya tambaye ni, to kuɗin nan da ake cira duk wata na fansho a ina zan same su?

Na ce Baba ka ba ni zuwa gobe. Da na buɗe fayil ɗinsa ba takardar ɗaukar aiki, ba komai sai hoto da kwafin lasisi, kuma kuɗin fanshon ana cirewa a albashinsa amma an yi watanni ba a tura ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, na ɗauko tsohon littafina na aji uku na buɗe. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3 da fara aiki dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Wanda ya kai shekara 5 ko fiye sai an ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi, ko a biya shi kuɗin watan. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce mai kamfani ya sa aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Duk waɗannan na taɓa rubuta su a jarrabawa har na samu maki, amma ban taɓa ganinsu da fuskar mutum ba sai ranar.

Washegari na shiga wurin oga jikina na rawa, na ce ranka ya daɗe in mutumin nan ya je kotun ma'aikata ba mu da abin cewa. Na lura maganar tausayi ba ta shiga, maganar kotu ce ta shiga. An biya shi kuɗin sanarwa, fanshon kuma sai da aka ɗauki wata huɗu ina bi kafin a tura.

Wannan ne ya sa nake ce miki kar ki yi gaggawar mastas. Ni sai da na yi shekara 3 ina aiki sannan na koma, na ƙarshen mako, Juma'a da yamma da Asabar, kuma bambancin a fili yake a aji. Waɗanda suka zo kai tsaye daga bautar ƙasa suna da ƙoƙari, sun fi mu saurin karatu ma, amma in malami ya kawo matsala ya ce ku warware sai su kawo abin da littafi ya ce, mu kuma kowa da tabonsa, wannan daga banki, wancan daga asibiti, wata daga ma'aikatar gwamnati tana ba mu labarin fayil ɗin ƙarin girma da ya kwana shekara biyu a kan tebur. A mastas ba a sake koya miki yadda ake intabiyu, ana tambayarki ne me ya sa mutane ke barin wurin nan, nawa tafiyarsu take ci wa kamfani, wane tsari za ki kawo kuma da wace hujja. Akwai hanyoyin bincike da ƙididdiga da yawa, nan ma lissafin ya dawo. Sannan ki san irin mastas ɗin da kike so, MSc ya fi karkata ga bincike da koyarwa har zuwa digirin digirgir, MBA, wato mastas na harkar kasuwanci, da irin mastas na ƙwararru kuma na wanda zai ci gaba da zama a ofis ne. Wanda ya karanta wani fannin daban yawanci sai ya bi ta PGD, wato difloma ta bayan digiri, tukuna.

Ga kuma CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Najeriya, an kafa ta a 1968, doka ta ba ta cikakken iko a 1992. Jarrabawarta mataki-mataki ce, kuma tallan aikin HR da yawa za ki ga sun nemi shaidarta. Da zan koma baya ita zan fara kafin mastas, ta fi sauƙin kuɗi kuma ana yinta ana aiki.

Abu ɗaya da yake damuna har yanzu, kusan duk littattafan da muka karanta ma'aikacin da ke cikinsu mai takardar aiki ne da albashi ta banki da hutun shekara. Mu kuwa a nan je ki Kantin Kwari ko Singa ki ga yaran shago, shekara bakwai yaro yana tare da maigidansa ba takarda ko ɗaya, amana ce da alkawarin sallama da jari, wani a cika masa wani a ci amanarsa. Ga masu gadi da masu shara da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila, an ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun 2024 amma da yawansu ba su taɓa ganinsa ba. A kan ma'aikatan wucin gadi na yi binciken mastas ɗina, takardun tambayoyin da na buga da Turanci ba su yi min amfani ba, sai da na mayar da su Hausa na riƙa zama da mutane a bakin get lokacin tashi ina tambaya ina rubutawa da hannuna.

Dattijon nan kuwa, ranar da kuɗin suka shiga asusun fanshonsa ɗansa ne ya karanta masa saƙon, ya hau Adaidaita ya zo har ofis da ƙullin dabino a leda. Maigadi ya hana shi shiga tunda ba ma'aikaci ba ne yanzu, sai ni na fita na same shi a bakin get.