Jirgin da mutum zai iya ja shi kaɗai

Duk wanda ya zo wurina yana neman ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, kafin mu kai ga maganar kuɗi sai na zaga da shi bayan shago, na nuna masa buhun simintin Kalambaina, na ce ya ja shi zuwa ƙofa. Kilo 50 ne. In ya kawo yana haki, na riga na san girman jirgin da zan ƙera masa. A kan ruwa kowane jirgi ba shi da nauyi. Wahalar tana bakin gaɓa, inda taɓo ke riƙe ƙafa, ga shi babu kowa kusa da zai kama maka.

A Yawuri na koyi wannan aiki, hannun wani dattijo Basarke, Allah ya ji ƙansa. Shekara biyu ban taɓa zarto ba. Aikina dafa kwalta da cusa auduga tsakanin katakai, sai kwashe ruwa da ƙwarya. Ranar da ya fara ba ni katakon maɗaci na fere, na zaƙe na rage masa kauri, sai ya ɗora shi a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, wanga ya yi wa ruwa daɗi, amma bai yi wa dutse ba." Tun daga ranar nake auna katako da hannu kafin na auna da tef. Manyan kwalekwalen da muke yi a can na dakon kaya ne a tafkin Kainji, sai mutum shida sun haɗu suke tura ɗaya. Da na dawo Sakkwato na ga ruwanmu daban ne. Gulbin Rima da rani janyewa yake yi, wani wurin bai wuce gwiwa ba, kuma mai zuwa tafkin Kware ko madatsar Goronyo galibi shi kaɗai ne, ko shi da yaronsa.

Turawa sun daɗe da yin wannan lissafi. Akwai wanda suke kira Optimist, wanda Clark Mills ya zana a Amurka a 1947, nauyinsa kilo 35, amma na yara ne, babba in ya shiga sai ya naɗe kamar tabarma. Akwai Laser, tsawonsa ya ɗan haura mita 4, nauyinsa kusan kilo 59, da shi ake tsere a gasar Olamfik. Gudu gare shi, sai dai saurin kifewa, ba na ba sabon shiga shawarar irinsa. Wanda ya kwanta mini a rai shi ne Mirror, da aka fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1960. Tsawonsa mita 3.3, nauyinsa wajen kilo 45, kuma da filawud aka yi shi, ana ɗinke fallayen da wayar tagulla sannan a bi ɗinkin da faiba, wato saƙar zaren gilashi, da gam. Wannan ɗinki shi na ɗauko na haɗa da abin da na koya a Yawuri.

Nawa jiragen ba sa wuce mita uku da rabi. Ina faɗaɗa cikinsu, na shimfiɗe ƙasan, don su zauna daram in mutum ya taka gefe, su kuma bi ruwa marar zurfi ba tare da sun kafe ba. A tsakiya akwai allon da ake zurawa ƙasa, shi ke hana iska tura jirgi ta gefe. Ina yin sa yadda da hannu ɗaya za ka zare shi in ka hango rairayi. Sanda ɗaya a tsaye, ƙyallen kama iska ɗaya a jikinta, igiya ɗaya a hannunka. Sandar kuwa gajera nake yi, wadda za ta kwanta cikin jirgin in an ɗora shi a akori-kura. Mutane na raina ƙaramin ƙyalle har sai sun gamu da iskar hunturu a tsakiyar Goronyo, ko hadari ya taso daga gabas da damina babu sallama. A gaba da baya ina rufe akwatuna biyu da iska a ciki, ruf, ko allura ba ta shiga. Ko jirgin ya kife ba zai nutse ba, mai shi zai taka allon tsakiya ya miƙar da shi ya hau. Wannan wuri kaɗai yakan ci mini kwana huɗu, kuma ba na barin yaran shago su taɓa shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne filawud. Na ruwa daban yake da na kabad, gam ɗin da aka manne shi da shi ba ya sakewa ko an dafa shi. Bara wani dillali ya aiko mini da falle goma, kowanne da hatiminsa, ya rantse na ruwa ne. Na yanki guntu na jefa a tukunya, kafin ruwa ya tafasa sau biyu ya buɗe kamar littafi. Har yau bai karɓi kayansa ba. Irin wannan filawud ɗin ne wasu ke saya su buga da ƙusar ƙarfe, su shafe da fenti mai ƙyalli, su sayar rabin kuɗina. Sai mai saye ya zo ya tsaya mini a ka: "Malam, mi ya sa naka ya yi tsada haka? Can na ga irinsa." Nakan ce, "Alhaji, koma ka tambaye shi ko zai shiga da ɗansa." Damina ɗaya ƙusar ke tsatsa, katakon ya kumbura, su dawo mini da shi gyara. Wani na karɓa, wani na ce a yi makamashi da shi.

Ba na sallamar jirgi a shago. Mai shi zai biyo ni Kware da sassafe, ya sauke shi daga ƙaramar amalanken da nake haɗa wa kowane jirgi, ya tura shi ruwa da kansa ina tsaye ban sa hannu ba. Zai sa rigar kariya, wannan babu ciniki a kai, mun ga abin da kifewar jirage ta yi wa mutanenmu a Shagari da Goronyo. Sannan mu kifar da jirgin da gangan inda ruwa ya kai ƙirji, ya miƙar da shi sau uku. Wani malamin makaranta da ya karɓi nasa watan jiya sai a karo na biyar ya iya, ya fito yana dariya, ya ce a ƙara masa igiyar kamawa a gefe. Na ƙara masa, kuma wanda ke kan benci yanzu ma da ita zai fita.