Talata: Ranar da na yi a kan takardun tafiyar Malam

Yau ban taɓa aikin bincikena ba, domin tun da hantsi malamin da ke duba karatuna a nan Japan ya kira ni ofishinsa a kan tafiyar da yake shirin yi zuwa Najeriya don ganin gonakin shinkafa na Kadawa da Kura, daga nan kuma ya zarce wani taro a Amurka. Na same shi da fasfo ɗinsa a kan tebur, ja mai tambarin fure a tsakiya, irin na shekara 10 da ake ba manya. Na shekara 5 shuɗi ne mai duhu. Da ya buɗe mini shi, sai na ga shafukan biza ɗauke da zane-zanen dutsen Fuji, kuma galibinsu fes suke duk da yawan tafiye-tafiyensa.

Dalilin haka sananne ne. Mai fasfon Japan yana shiga ƙasashe da yankuna kusan 190 ba tare da ya je ofishin jakadanci neman biza ba. A ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen yana iya yin kwana 90 a cikin kowane kwana 180, muddin fasfon zai ƙara wata 3 bayan ranar fitarsa. Ingila ta fara neman izinin shiga ta intanet daga Japanawa a Janairun 2025, amma wannan cike fam ne a waya, ba tsayuwa a layi ba. Sin ma, wadda ta dakatar musu da shiga ba biza a shekarar 2020, ta dawo musu da shi a ƙarshen Nuwamban 2024. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da wannan gata, waɗanda suka mallaki fasfo a Japan ba su kai kashi 20 cikin 100 ba.

Sai dai Malam ya ɗauka cewa Afirka ta Yamma ma haka take, tun da ya taɓa shiga Maroko da Senegal da fasfo kawai. Na ce masa, “Malam, a gafarce ni, Najeriya ba ta cikin wannan lissafi, haka ma Nijar da Gana da Kamaru da Chadi, kowacce sai da biza.” Muka zauna a gaban kwamfuta muka bi sharuɗɗan bizar intanet da Najeriya ta fara bayarwa a Mayun 2025: hoton shafin fasfo, tikitin dawowa, adireshin masauki, da takardar gayyata daga waɗanda za su karɓe shi. Takardar gayyatar ce ta fi ɗaure masa kai, har ya tambaye ni ko da gaske sai wani ya sa hannu ya ɗauki alhakinsa kafin a bar shi ya shiga. Ni da ke riƙe da koren fasfo, wanda sai da na tara takardar shaidar cancanta da ta makaranta da ta tallafin karatu kafin na taka ƙasarsu, na ga tambayar tamkar kifi ne yake tambayar yadda ƙishirwa take.

Batun allurar shawara ya fi na biza gaggawa. Katin shaidar allurar mai ruwan ɗorawa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A Japan ba kowane asibiti ke yin ta ba, sai cibiyoyin killace masu cuta da wasu ƴan wuraren da aka keɓe, kuma dole a kama rana tun da wuri. Sakatariyar sashenmu ta yi ta buga waya kafin ta samo masa gurbi a wani gari da sai ya hau jirgin ƙasa.

Bayan azahar ne babbar matsalar ta fito, kuma ba daga ɓangaren Najeriya ba. Japan tana cikin tsarin shiga Amurka ba biza tun 1988, kuma tun 2009 ana cike fam ɗin neman izinin tafiya ta intanet, wanda ake kira ESTA, kafin a hau jirgi. Muna cikin cike fam ɗin sai muka iso tambayar ko mutum ya je Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya, Yaman ko Koriya ta Arewa daga watan Maris na 2011. Malam ya yi shiru, sannan ya jawo tsohon fasfonsa daga aljihun tebur, ya nuna mini hatimin Khartoum, babban birnin Sudan, na lokacin da ya je duba gwajin alkama mai jure zafi a yankin Jazira. Wannan ziyara ta aikin gona ta fitar da shi daga tsarin, don haka sai ya nemi cikakkiyar biza, ya biya kuɗi, ya je a yi masa tambayoyi baki da baki a Tokyo ko Osaka kamar kowa. A ganina doka ce da ba ta bambanta manomi da mayaƙi, amma ɓoye ziyarar ya fi bayyana ta haɗari nesa ba kusa ba, kuma hakan na faɗa masa.

Akwai kuma hukumar jami'a, wadda ba ta sa hannu a kan tafiya sai ta duba matakan haɗari guda 4 da ma'aikatar harkokin wajen Japan ke sanya wa yankunan duniya. Borno tana mataki na ƙarshe, wanda ke nufin a fice, kuma kwamitin yana son ganin hanyar da za a bi daga filin jirgi zuwa gona a rubuce, da lambar wayar mai masauki. Da yamma na kira yayana a Kano, na ce, “Yaya, don Allah a taimaka a karɓo mini takardar gayyatar nan kafin Juma'a, a tabbatar sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi.” Ya yi alkawarin zuwa da kansa gobe da safe. Malam kuma ya rubuta wa masu shirya taron Amurka cewa idan ranar ganawar ba ta samu a kan lokaci ba, zai gabatar da takardarsa ta bidiyo.