Godiya daga iyalan marigayi Malam

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau na samu natsuwar riƙe waya tun rasuwar Baba, waɗanda suka kira ban ɗaga ba da masu saƙo a WhatsApp ku yi haƙuri don Allah, wallahi hankalin ne ba ya jikina.

A madadin Hajiya da yayyena da ƙannena muna godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun kwanciyarsa asibiti har aka kai shi makwancinsa. Maƙwabta da suka yi ta aiko da kwanukan abinci, jama'ar masallacin unguwa, samarin da suka haƙa kabari, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci.

Amma tsofaffin ɗalibansa kam ban san da wane baki zan gode muku ba. Shekara 35 Baba ya yi yana shan ƙurar alli, mu a gida har gudu muke in ya fara labarin tarihi bayan isha'i, ashe mu ne ba mu san abin da muke da shi ba. Wani dattijo da furfura ya zauna kan tabarma yana hawaye yana ba mu labarin yadda Malam ke zana yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 a allo, ga rundunar Sarkin Gobir Yunfa ga jama'ar Shehu Ɗanfodiyo, har a buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Wata Hajiya kuma ta ce shi ya fara kai su Gidan Makama, ya tsayar da su a rana sai da kowa ya haddace cewa Sarkin Kano Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi.

Littafinsa na 'yan sakandare da kuke ta ambato, da fitilar ƙwai ya rubuta shi, Hajiya na buga masa a tafireta. Abin da ya tunzura shi, yara sun san Gwamna Lugga da cin Kano da Turawa suka yi a 1903 amma ba su san Bagauda, sarkin Kano na farko, ba. Kuɗin kirki bai samu a kai ba, masu fotokwafi ne suka ci riba, shi kuwa dariya kawai yake, wai ai dai ana karantawa. Lokacin da aka cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare abin ya ci masa rai matuƙa, alhamdulillahi sai da ya ga an dawo da shi a 2022.

Duk wanda ke bin Baba bashi ko akwai wata amana tsakaninsu ya tuntuɓi babban yayanmu. Sannan in akwai mai bugun farko na littafin nan ya taimaka ya ara mana, namu gara ta cinye rabinsa. Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makoma, ya kyautata namu zuwan.